Gopuli da Irin Mamira na Ƙarshe

Shekara arba'in da uku ke nan da aka kawo Gopuli Debi ƙauyen Dhurkot tana amarya, kuma har yau tana gidan da aka sauke ta, gidan dutse na biyu daga sama idan mutum ya biyo hanyar marmaro. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Mijinta, Diwan Singh, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ɗanta Narayan yana dafa abinci a wani otal a birnin Haldwani, sau biyu yake leƙo gida a shekara. Gidan ya rage daga ita sai matarsa Basanti, da ɓauna ɗaya ta gida da suke tatsa, da 'yan gonaki biyar da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni. Tamba suke nomawa da damina, alkama da sha'ir lokacin sanyi. A duk wannan babu abin da ya raba ta da sauran matan garin. Abin da yake sa mutane su hawo gidanta daga ƙauyuka huɗu shi ne saiwar mamira.

Saiwar siririya ce mai gashi-gashi. In aka karya ta, cikinta rawaya ne kamar kurkum, ɗacinta kuwa yakan wuni a baki. Gopuli takan yanko kamar gaɓar yatsa, ta tafasa a ruwan marmaro, ta tace da farin ƙyalle sau uku, ta bari ya huce. Da shi take wanke idon wanda ƙaiƙayi ya faɗa wa a masussuka, da na matan da hayaƙin murhu ya mayar musu da ido jajir. Ba ta taɓa cewa tana maganin komai da komai ba. Wanda ta ga yanar ido ta fara rufe masa gani, ko wanda ciwonsa ya kwana uku bai lafa ba, ko tukunya ba ta ɗorawa, sai ta ce ya nemi hanyar asibitin garin Almora. Wasu sukan tafi da fushi, daga baya su dawo da mudun tamba ko 'yar kwalbar zuma.

Wajen uwar mijinta, Motima, ta koyi aikin. Tsohuwar ba mai yawan magana ba ce. A kakar farko ta kai ta gangaren Kalidhar da ke bayan gari, ta tsinko ganye iri uku masu kama da juna, ta jera mata a tafin hannu, ta ce ta nuna na gaske. Gopuli ta nuna wanda ba shi ba. Motima ba ta yi faɗa ba. Sa ta ta yi ta murza karan kowanne da yatsa, ta juya bayan ganyen, sannan ta tono saiwar mamirar ta ce ta tauna. Gopuli ta yi kwana biyu ba ta jin daɗin shayi. Daga nan ba ta sake kuskure ba.

Tonon yana da ƙa'ida. Ba a tono sai a Oktoba, bayan iri ya zube. In gindi uku ne a wuri ɗaya, ɗaya ake ɗauka, shi ma a yanke kan saiwar a mayar ƙasa a danne da dunduniya. Masu tono da buhu, waɗanda 'yan kasuwar gangare suke aikowa, ba ruwansu da wannan. Cikin shekara goma suka share duk gangaren da ke kusa, har ya zama in ba a Kalidhar ba, sai mutum ya yi tafiyar kwana biyu zuwa makiyayar can sama kafin ya ga gindi ɗaya. Kalidhar ɗin ma abu biyu ne suka tsare shi: santsin wurin, da bakin Gopuli. Abin da ya rage ɗin bai fi faɗin tabarma uku ba, a ƙarƙashin itatuwan banj, inda rana ba ta sauka sai na ɗan lokaci da hantsi.

Sai maganar hanyar mota ta zo. Kowa yana so, har ita. Ta sha bin masu naƙuda da ake ɗauka a kujera, tafiyar awa huɗu kafin a kai bakin kwalta, kuma ba duka ne suka kai ba. Da ta ga jan fenti a kan duwatsun Kalidhar, alamar ta nan hanyar za ta bi, ta gangara wajen shugaban ma'aikatan, ya saurare ta da mutunci, ya ce layin ba ya kaucewa, amma injin ba zai iso nan ba sai bayan bikin kaka. Ta yi lissafi: ta gama girbin tamba, sannan ta je ta tono gindin duka da ƙasarsu ta sake musu wuri. Da za ta dawo ta bi ta gangaren, ta ga irin ya fara nuna, sai ta shafo abin da ya cika tafin hannunta ta ɗaure a bakin mayafi, ba don tana da wani nufi da shi ba.

Kwana tara bayan haka katafila ta iso, tun ba a fara bikin ba. Gopuli tana gona tana yankan tamba ta ji rugugin. Kafin ta ja gwiwoyinta ta kai wurin, gangaren duk ya zube cikin kwazazzabo, itatuwan banj sun juye saiwa a sama. Ta tsaya ta duba, ta koma gona ta ƙarasa kunyar da take yanka. Abin da ya rage mata a duniya na mamira shi ne busasshiyar saiwar bara da ke cikin gwangwani, wadda in an yi tattali za ta kai shekara ɗaya da rabi, sai kuma irin nan na bakin mayafi.

Babu wanda ya taɓa shuka mamira a Dhurkot. Abin daji ne, shi yake fitowa da kansa. Harak Singh, ƙanin mijinta, tsohon soja mai gashin baki da yake zaune a gidan da ke ƙasa da nata, shi ya fara faɗa mata haka da ya ji tana shirin shuka irin. Tun tana amarya suke tsokanar juna, shekarun da suka tara ba su rage komai ba.

"Matar Yaya, yanzu kuma daji za ki noma? In kin gama ki shuka mana damisa biyu a bayan turke."

"Kai da ko albasa ba ta taɓa yi maka kai ba, Soja, ina ruwanka da shuka? Je ka goge lambobinka."

A Dhurkot, in ana so a san ko iri yana da rai, kwandon harela ake tambaya. Ranar farko ta bikin kaka kowane gida yakan zuba ƙasa a ƙaramin kwando, a watsa sha'ir da sauran hatsi, a ajiye a lungun bauta inda babu haske, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Ranar goma a yanke tsiron, a saƙala wa kowa a bayan kunne, a sa masa albarka. Gidan da tsironsu ya yi tsawo sun san irinsu mai kyau ne. Wanda bai fito ba cikin kwana goman nan, an san mataccen iri ne, babu mai ɓata gona da shi. Haka iyaye da kakanni suka yi, kuma da hatsi abin bai taɓa ƙarya ba.

Gopuli ta raba irin mamirar biyu. Rabi ta watsa a kwando na daban, ta ajiye kusa da na sha'ir. Ranar huɗu sha'ir ya huda ƙasa. Ranar goma ya kai tsawon taƙi, ɗanye shar, an yanka an saƙala. Kwandon mamira kuwa ƙasa ce baƙa kamar ranar da aka zuba ta. Ta roƙi Basanti a ƙara masa kwana biyar, aka ƙara. Ta tona da tsinke ta ciro ƙwaya ɗaya, ta same ta yadda take, ba ta kumbura ba, ba ta ruɓe ba. Basanti ta ce mata a hankali, ƙasar harela ba ta daɗewa a ɗaki bayan biki, maƙwabta sun fara tambaya. Ƙasar bauta ce, ba a zuba ta a juji. Basanti ta ɗauki kwandunan biyu ta kai gindin babban banj da ke bayan marmaro, inda duk garin suke juye tasu kowace shekara, ta juye ta dawo.

Ragowar rabin Gopuli ta yi masa abin da ake yi wa kowane iri mai daraja. Ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a ɗan gora ta rataye a saman murhu inda ɗumi yake. A ranta ta ce wataƙila duhu ne bai yi masa ba, ko kuwa lokacin ne bai yi ba. Dusar ƙanƙara ta sauka sau uku a wannan shekarar, ta ƙarshen ta kwana goma sha biyu a ƙasa. Da sanyi ya tafi a Maris, ta zaɓi gonarta mafi kyau, wadda rana take dukanta tun safe har la'asar, ta zuba mata takin ɓauna kwando shida, ta watsa irin a jere, ta kewaye da ƙaya. Kullum da yamma takan ɗauko tulu daga marmaro ta shayar. Basanti ta yi ta yi ta bar mata ɗaukar ruwan, ta ƙi.

Abubuwa sun fito, ba a ce ba su fito ba. Duk ciyawar da takin ɓauna ke ɗauke da ita ta tsiro ta yi kore. Gopuli takan durƙusa ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Afrilu ya wuce, Mayu ya bi shi, ƙasa ta yi zafi ta tsattsage. A ƙarshen Mayu ta cire ƙayar da hannunta, ta ce wa Basanti a shuka wake a wurin kada takin ya tafi a banza.

Daga nan ne Basanti ta lura surukarta ta canza. Ta daina faɗan gishiri ya yi yawa a miya, ta daina biye wa Harak Singh in ya tsokane ta. Saiwar cikin gwangwani ta koma guda shida, kowace kamar ɗan yatsa, ta fara raba gaɓa ɗaya ga mutum biyu. Ba asarar mudun tamba ce take damunta ba. Motima ta karɓa daga uwar mijinta, ita ma daga tata, babu wanda ya san iyakar abin. Kwana tara Gopuli ta samu tsakanin ganin jan fenti da zuwan injin, ta zaɓi ta fara da tamba. Wannan take ta juyawa a ranta in tana tatsar ɓauna. Harak Singh da ya ga abin ya wuce wasa, ya zo ya zauna a dokin ƙofa ya ce shi zai hau makiyayar sama ya tono mata. Ta ce a'a. Can sama akwai wata saiwa mai kama da mamira da take kashe tumaki, shi kuwa ko ganyen dankali da na tumatir sai an nuna masa. Ba za ta sa a idon mutum abin da ba ita ta gani a tsaye da ganyensa ba.

Kowace shekara, kafin damina ta faɗi a Yuni, ana yin aikin gayya a marmaro. Maza su kwashe ruwan, su kankare matakalan dutse, su sheme duk abin da ya tsiro a kewaye har sai ƙasa ta fito fili, don kada ganye ya ruɓe ya ɓata ruwan sha. Mata su kwashe shara, su kawo shayi. Gopuli ta zo ne da butar shayi kawai. Gwiwa ta matsa mata, sai ta zagaya bayan marmaron ta sami wani dutse a inuwar banj ta zauna, ta miƙe ƙafa. Wurin yana da laima ko da rani, ruɓaɓɓen ganye ya yi kauri a ƙasa.

Kusa da ƙafarta akwai wasu 'yan tsire-tsire da ba su fi tsawon yatsa ba, ganyensu ƙanana zagayayyu, kowane da ɗan tsagi uku a baki. Ba ta kula ba da farko, domin bangon marmaron cike yake da hansaraj, ciyawar nan ta jikin dutse mai irin wannan ganye sak. Hannunta ne ya kai kansu, yadda hannun mai noma ba ya zama haka kawai. Ta murza karan. Karan hansaraj baƙi ne mai tauri da sheƙi kamar gashin wutsiyar doki. Wannan kore ne, mai laushi, sumul. Ta sunkuya ta juya ganyen, bayansa ya fi gabansa haske, kamar an barbaɗa masa gari. Ta shafa ko za ta ji gashi, domin akwai wata fulawar daji mai kama da ƙararrawa wadda ƙananan ganyenta haka suke, sai dai tana da gashi-gashi a kara. Babu gashi.

Harak Singh yana tahowa da fartanya, yana shemewa daga bango zuwa gindin itacen, saura taku huɗu tsakaninsu. Gopuli ta sauko daga kan dutsen ta zauna dirshan a ƙasa, ta buɗe ƙafafu ta sa tsire-tsiren a tsakiya, ta baza mayafinta a kan na gefe.

"Matar Yaya, matsa mana. Ko kwai kika saka ne?"

"Ajiye fartanyar nan, Soja."

"Aiki muke yi fa. In hutu kike so, ga inuwa can."

"Na ce ka ajiye. Kira mini Basanti."

Yadda ta faɗa ɗin ne ya sa ya ajiye. Basanti ta zo da hannu duk laka, mutane biyar ko shida suka biyo ta. Da aka ɗaga mayafin, yawancinsu suka ce hansaraj ne ya sauko daga bango. Harak Singh ya ce tsufa ne, wadda take wanke idon mutane ita ce yau take bukatar a wanke nata. Aka yi dariya, ita ba ta ji ba ma. Ta sa Basanti ta ƙirga, aka sami goma sha huɗu. Ta daɗe tana dubansu kafin ta zaɓi mafi ƙanƙanta, ta sa tsinke ta ɗago shi da ƙasarsa. Saiwar kamar zare take. Idonta bai iya rabe launin abu siriri haka ba, don haka ta ba Basanti ta ɗauraye a marmaro, ta shimfiɗa a bakin farar rigar wani dattijo da ke tsaye.

"Me kika gani, 'yar nan? Kada ki faɗa mini abin da nake so in ji."

"Rawaya ce, Inna. Ba sosai ba, amma rawaya ce."

Gopuli ta gutsuri rabin zaren da haƙori ta tauna. Ragowar ta miƙa wa Harak Singh, ta ce tunda shi ne mai ido, ya gwada bakinsa ma. Ya jefa a baki da fankama. Gashin bakinsa ya fara motsi, fuskarsa ta tattare, ya juya yana tofarwa yana neman shayi, yana cewa shekara ashirin da biyu ya yi a bakin iyaka ba a kashe shi ba, sai yau matar wansa. A nan ne Gopuli ta yi dariya, irin wadda aka yi wata tara ba a ji ba, har ta share ido da bayan hannu.

Basanti ce ta fara tuno yadda aka yi. Ta nuna daidai inda ta juye kwandunan a Oktoba, kuma nan ɗin ne. Gopuli ta haɗa sauran a ranta. A Kalidhar iri yakan zube ne da kaka, ɗanye, a kan ganyen banj. Ganye ya rufe shi, dusar ƙanƙara ta danne shi wata biyu ko uku, yana kwance cikin laima da sanyi a inda rana ba ta kaiwa. Sai bazara ta yi nisa, komai ya riga ya fito, sannan shi ya leƙo. Wanda aka juye a nan ya sami duk wannan ba da niyyar kowa ba. Wanda ta ji da shi kuwa ta busar, ta ɗumama a kan murhu, ta shanya a rana cikin taki.

"Shekara arba'in ina ganin yadda yake yi a daji," in ji ta. "Da ya shigo hannuna sai na mayar da shi sha'ir."

Dattawan garin suka ɗan yi gardama a kan ko ya halatta a bar ciyawa a bayan marmaro. Aka daidaita cewa tunda wurin yana ƙasa da idon ruwan, ganyen ba zai faɗa ciki ba. Harak Singh da kansa ya saro ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki, yana yi yana ƙorafin har yanzu harshensa bai dawo ba.

Gopuli ba ta ce wa kowa an gama ba. Saiwa mai rawaya da ɗaci ba ta mamira kaɗai ba ce a waɗannan tsaunuka, kuma tsiro ƙarami yakan yi kama da abubuwa da yawa. Ta ce sai ta ga fure. Damina ta zo, goma sha ukun suka ƙara ganye, suka kai tsawon taƙi, ba su yi fure ba. Ba ta zuba musu taki ba, ba ta tona kusa da su ba, ganyen banj kawai take tarawa ta baza musu. A Nuwamba suka yi rawaya suka kwanta, cikin mako biyu babu alamar an taɓa yin wani abu a wurin. Basanti ta dawo daga ɗiban ruwa hankalinta a tashe, Gopuli ta ce mata haka yake yi, yana nan a ƙasa. Ta faɗa da ƙarfin zuciya, amma ita ma sai da ta je ta duba washegari. A wannan sanyin ne saiwar gwangwani ta ƙare. Masu zuwa da jan ido takan wanke musu da tafasasshen ruwa zalla, ta ce su sayi magani a gangare, yanzu da mota take zuwa har bakin gari.

Afrilu ya shiga, duk wani abu mai rai ya fito a bayan marmaron ban da su. Kullum takan sami dalilin bin ta wurin. Sai a makon farko na Mayu ta ga wasu 'yan kawuna ja-ja sun ɗago ganyen banj, a dunƙule kamar hannun jariri. Tara suka dawo cikin goma sha uku. Wannan karon tsayi suka yi da sauri, karansu siriri, ganyen ya rarrabu reshe bisa reshe, in aka yi ruwa ɗigon yakan tsaya a kansu dunƙule-dunƙule bai jiƙa su ba. Zuwa tsakiyar Yuli uku daga ciki sun kai mata ƙugu, sun fitar da kai mai rassa da yawa, kowane reshe da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero.

Ranar da suka buɗe an kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Basanti ce ta gani ta aiko a kira ta. Gopuli ta sauko da sanda, Harak Singh ya biyo bayanta ba a gayyace shi ba. Furen mamira ba shi da faffaɗan kunne irin na sauran furanni. 'Yan ɓawo huɗu ne farare masu ɗan shuɗi-shuɗi, su ma ba sa daɗewa suke zubewa, sai a bar wasu zarurruka sirara suna reto kamar gezar mayafi, ko iska ba ta kaɗawa sosai suna rawa. Ba fulawar nan mai kama da ƙararrawa ba ce, hansaraj kuwa ba ya fure ko kaɗan. Gopuli ta sa tafin hannu a ƙarƙashin reshe ɗaya ba tare da ta kama shi ba, ta kawo fuskarta kusa, ta daɗe a haka. Sannan ta nemi dutsen nan ta zauna.

"Shi ne, Inna?"

"Shi ne."

Harak Singh ya leƙa, ya karkata kai. "Wai duk wannan tashin hankalin na shekara biyu a kan wannan ne? Ai ko akuya ba za ta tsaya kallonsa ba."

"Kai ma haka aka ce ranar da aka haife ka, ga shi an raine ka."

A Oktoba irin ya nuna, ƙanana masu tsini da zane a jiki. Bai kai cikin tafin hannu ba. Ta shafo shi da safe, kafin azahar ya koma ƙasa. Ba ta yarda a sake tara shi wuri ɗaya ba. Kashi ɗaya ta watsa a bayan turken ɓaunarta, gefen da bango yake tare rana, kashi ɗaya a gindin bishiyar gyaɗar dutsen da ke bayan gidan Harak Singh, na ukun ta ba wata mata daga ƙauyen ƙetaren rafi wadda takan kawo mata masu ciwo, ta bi ta har can ta ga wurin da idonta kafin ta saki ƙullin. Kowane wuri ganyen banj kawai aka baza a kai. Basanti ce ta yi watsin na bayan turke, Gopuli tana tsaye da sanda tana cewa ta rage hannu.

Gindi taran nan ba za a taɓa su ba sai nan da kaka biyu. Masu hawowa suna tambaya takan faɗa musu haka, ta ba su shayi, su gangara.